Sammani Mai Takalma da Tayoyin Motar Surukinsa

Duk wanda ya saba cin kasuwar Isa, ko ta Bafarawa, ko ta Sabon Birni, da wuya a ce bai taɓa tsayawa a rumfar Sammani mai takalma ba. Bagobiri ne gajere, kakkaura, wanda zane ya cika wa kumatu tun daga gefen baki har zuwa kunne. A Kamarawa aka haife shi, a gidan noma, kuma da fartanya ya buɗe ido. Wata shekara da gero ya ƙi, sai ya bi wani kawunsa baduku zuwa Isa, ya soma tallar takalman fade a ka. Daga talla ya samu tabarma, daga tabarma ya samu rumfa, a nan kuwa furfura ta same shi.

Abin da ya bambanta shi da sauran masu sana'arsa shi ne bai yarda da lamba ba. Yakan ce lamba maƙaryaciya ce, domin arba'in da biyun da aka buga wa takalmin Aba ba ita ce ta takalmin China ba. Idan magidanci zai saya wa iyalinsa takalman Sallah, Sammani yakan ce masa ya koma gida ya karyo kara daidai tsawon kowace ƙafa, ko ya ɗauro zare da ƙulli. Da wannan awo ya shekara da shekaru yana ciniki, kuma shi da kansa yakan faɗa, ba don alfahari ba, cewa ba a taɓa maido masa da takalmi don ya matse ko ya yi yawa ba.

'Yarsa ta fari Rahmatu ce, saboda haka bai taɓa kama sunanta ba. "Yarinyar nan" yake ce mata har bayan ta yi 'ya'ya uku. Mijinta, Hafizullahi, mutumin Sabon Birni ne da boko ya kai Abuja, yana aikin gine-gine, Allah kuma ya buɗa masa. Tsakaninsa da Sammani akwai kunya irin ta mutanen da. Idan ya zo gaisuwa, daga bakin zaure yake durƙusawa, idonsa a ƙasa, Sammani kuwa ya juya fuska yana kallon bango. Zancensu bai taɓa wuce lafiya da gajiya da labarin damina ba. Duk wata magana mai nauyi sai ta bi ta bakin Habi, ƙanwar Sammani, wadda ita ce goggon Rahmatu, kuma ba ta jin kunyar kowa.

Wata babbar Sallah, Hafizullahi ya zo gida da wata mota da ba a taɓa ganin irinta a Isa ba. Launin azurfa ce, mai ƙofa biyu, cikinta ya kusa shafar ƙasa. Rufinta na yadi ne. Idan aka danna wani maɓalli sai ya ɗaga, ya naɗe kansa, ya shige baya, mutanen ciki su zauna a fili kamar masu hawan amalanke. Kafin a gama cin naman layya 'yan gari sun raɗa mata suna Tuɓe-Hula. To, a kwanakin ne hanya ta ƙara lalacewa da masu tare mutane. Dattawa suka ba Hafizullahi shawara, suka ce bin daji da irin wannan mota daidai yake da nuna wa shirwa ɗan tsako. Ya ji magana, ya kwashi iyalinsa suka koma a motar haya. Da yamma sai ga Habi da makulli a ƙulle a bakin zane.

"Yaya, ga amana. Wai a aje mishi wurinka, don gidanka ad da babban ƙyaure."

"Ni? Ni da ko keke ban taɓa mallaka ba?"

"Ai ba cewa anka yi ka hau ba. Ajiya ta."

Sammani ya karɓa da hannu biyu. Ya sa aka kafa mata rumfa a lungun gida, aka tura ta da baya har ta kusa jingina da katanga, aka lulluɓe ta da tampol. Ya kori awaki zuwa wancan sashe. Ya hana jikokin maƙwabta wasa kusa da ita. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zagayowa, motar tana nan kamar amarya a lalle.

Maƙwabcinsa na jikin katanga shi ne Malam Jibrilla, mai makarantar allo, wanda gidansu ya gaji karatu kaka da kakanni. Wata safiya bayan an ɗauke amfanin gona, Malam ya yi sallama, ya zauna, ya daɗe yana yabon maƙwabtaka kafin ya kai ga abin da ya kawo shi.

"Malam Sammani, ɗalibai sun sauke Alƙur'ani, za mu yi walima. Shehin da yak karantar da ni yana Turba, shi muka so shi yi addu'a. Amma tsuhwa ya kama shi, ba shi iya zama bisa babur."

Bai ambaci mota ba, amma idonsa ya leƙa wajen rumfa ya dawo. Sammani ya gane nufinsa. Motar ba tasa ba ce. Amma ta yaya mutum zai dubi maƙwabcinsa, malami, ya hana shi abin ɗauko shehi don walimar Alƙur'ani? Ya kira mai motar ya nemi izini kuwa, wannan roƙon suruki ke nan, abin da ubansa bai yi ba, kakansa bai yi ba. Ya auna wannan kunya, ya auna waccan, ya ga ta kusa ta fi nauyi. Ya shiga ɗaki ya ɗauko makulli.

Wani ƙanen Malam mai tuƙin motar haya ne ya ja ta. Hanyar Turba kuwa hanya ce ta babura da shanu. Da la'asar sakaliya aka ga shehi ya iso walima a kan amalanke, an shimfiɗa masa katifa, Tuɓe-Hula kuma tana biye a baya tana ɗingishi, samari suna turawa. Kututture ya fasa tayar gaba ɗaya, dutse ya yanka ta baya ɗaya, sauran biyun kuma, da ma dogon zama ya tsattsage su, sun yi ƙululu a gefe. Aka mayar da ita rumfarta, aka rufe.

Washegari Malam Jibrilla ya dawo, fuskarsa ba walwala.

"Gaskiya ɗaci gare ta, amma sai an hwaɗe ta. A littahi, mai ajiya in yat taɓa ajiya ba da izini ba, ramuwa ta hau kainai. Ni naj ja ka ciki, sai mu ɗauka tare."

"Malam, da ka karanta min wagga aya jiya da sahe, da ta hi amfani," in ji Sammani. "Amma ni anka ba, ba kai ba. Ni ka biya."

Ba a rufe wannan baki ba sai ga Habi da labari: Rahmatu ta bugo waya, suna nan tafe ƙarshen wata, kuma maigidanta yana so ya duba motarsa.

"Yaya, bari in kira shi in tambai irin tayoyin da taka sha, a huta."

"Ki ce mishi mi? Ki ce tsohon da yab ba amana ya ba da aron ta? Kul na ji!"

Abin da Sammani ya sa a gaba ke nan: motar ta koma hannun mai ita kamar yadda ta fito, ba tare da an san an taɓa ta ba. Ya kai san da yake kiwo kasuwa ya sayar. Sa'an nan ya kira Wada mai faci, wanda rumfarsa take bakin tasha, aikinsa kuma yawanci babura ne da tsofaffin motocin haya. Wada ya yaye tampol daga gaba, ya tsuguna, ya yi fito.

"Baba, wannan ba taya ba ta, zobe na. Dubi yadda take siririya bisa wili! Huɗun duka za a sake, in ba haka ba mai ita na gani ya gane. Ga lamba nan a gehe, a kwahe maka ita a takarda."

Sammani ya duba inda aka nuna masa. Lambobi ne birjik da haruffa, wasu manya, wasu ƙanana, wasu a cikin da'ira.

"Riƙe lambarka," ya ce. "Ni da nika auna ƙahwar mutum, ta roba za ta gagare ni?"

Ya ciro zare daga aljihu. Ya auna faɗin tayar gaba ya ƙulla, ya auna bakin wili, wato ƙarfen da taya take hawa, ya ƙulla, ya auna tsayinta daga ƙasa ya sake ƙullawa. Tayoyin baya suna can cikin matsi tsakanin mota da katanga, bai ga dalilin wahalar da gwiwarsa ba. Wa ya taɓa ganin jaki mai kofato biyu manya, biyu ƙanana? Wada ma ya yarda da haka, domin shi ma bai taɓa gani ba.

A Isa ba a sayar da irinsu, a Sabon Birni ma da ya nuna zarensa dariya aka yi, aka ce sai Sakkwato. Ya shiga motar haya suka zagaya ta Goronyo. A layin masu taya aka yi ta miƙa shi daga shago zuwa shago, har aka kai shi wurin wani Abdulrasheed, wanda aka ce shi yake kawo wa manya kaya. Bayarabe ne haifaffen Sakkwato, Hausa a bakinsa kamar ta gado. Yana ɗaga ido ya ga zanen da yake fuskar Sammani, sai ya tafa hannu.

"Lale, lale! Yau bawana ya zo gaishe ni. Bagobiri, wace kyanwa ta yage maka huska haka?"

"Wadda tac cinye maka barkono ta," in ji Sammani. "Tashi ka ba ubangidanka kujera."

Tsakanin Gobirawa da Yarabawa akwai wasa tun na kakanni, kowa yana cewa shi ne ubangijin wani, kuma ba a fushi. Sammani ya ji sanyi a ransa, ya ga ya faɗo hannun na gida. Aka kawo masa ruwa. Abdulrasheed ya tambayi lambar taya, Sammani ya miƙa masa zare. Ya tambayi sunan motar, Sammani ya ce Tuɓe-Hula. Sai da ya kwatanta rufin da yake naɗe kansa sa'an nan mai shago ya gane, ya riƙe ciki yana dariya.

"To kira mai ita mana."

"Surukina na."

"Shi ke nan, mun shiga uku. Zo mu gwada zarenka."

Suka shiga cikin shago, inda tayoyi suke jibge har rufi. Nan kan Sammani ya soma juyawa. Abdulrasheed ya nuna masa sababbi, ya nuna masa 'yan Beljiyam waɗanda aka ɗan taka a Turai. Ya ce waɗancan na ƙasar ƙanƙara ne, idan suka ji kwaltar Sakkwato narkewa suke yi. Ya ce waɗannan ko sun yi faci suna iya tafiya ba iska. Ya ce taya tana da ranar mutuwa kamar maganin asibiti, ko da ba a taɓa ɗaura ta ba. Ya nuna masa wata kibiya a gefen wata, ya ce idan aka ɗaura ta tana kallon baya, motar ba za ta riƙe hanya ba in ana ruwa. Duk maganar da ya yi, da murmushi yake yin ta, yana haɗawa da zolaya. Sammani ya rasa wacce ce gaskiya, wacce ce wasa. Taya mai tafiya ba iska? Roba mai ranar mutuwa? Ya ƙudurta a ransa cewa Bayarabe yana jan sa ne don ya samu abin ba da labari, sai ya riƙa gyaɗa kai kawai, ya damƙe zarensa.

Can suka samu wadda ƙulli uku suka zauna mata daram. Sammani ya ce a ba shi huɗu, sababbi, domin ba a rama amana da gwanjo. Abdulrasheed ya tsaya.

"Tsaya, Baba. Wacce ka auna, ta gaba ko ta baya?"

"Ta mota na auna."

"Wallahi irin motocin ga, wasu na baya sun ɗara na gaba hwaɗi. Koma ka auno, ko ka ɗauki biyu yau."

Sammani ya tuntsire da dariya har hularsa ta karkace.

"Wannan ta hi duka! Ka ga Bagobiri, ka ce ka samu na ƙauye. Gobe sai ka ce min tayar hagu mace ta, ta dama namiji. Ɗaure min huɗu, bawa, rana na yi."

"Na dai hwaɗa maka, ubangijin ƙarya," in ji Abdulrasheed, shi ma yana dariya, ya sa aka ɗaure.

Da ya dawo Isa, aka jawo motar tsakar gida, Wada ya zo da jak na ɗaga mota da ƙarafunansa. Tayoyin gaba suka hau kamar don su aka yi wilin. Sammani ya zagaya, ya duba kibiya tana kallon gaba, ya yi hamdala. Aka kwance ta baya. Wada ya ɗora sabuwa, ya buga, ya taka, ya ba ta iska, iska ta fice ta gefe. Ya sake, ta sake ficewa. Ya share zufa ya dubi wilin, ya dubi tayar.

"Baba, ƙarhen ga ya hi tayag ga hwaɗi."

"Kamar yaya? Ba mota guda ba ta?"

Sammani ya ciro zarensa ya ɗora a kan tsohuwar tayar baya da take yashe a ƙasa. Ƙullin ya tsaya, roba kuwa ta ci gaba har kusan yatsa biyu. Ya juya zaren ya sake gwadawa ta ɗaya bakin. Ya koma ga tsohuwar ta gaba, ƙulli ya zauna daidai. Ya tsaya da zare a hannu, yana kallon wannan yana kallon waccan.

"Ko dai zama ya sa ta kumbura?" in ji Wada.

"Ƙarhe ka kumbura?"

"To ko masu ƙera ta sun yi kuskure?"

Habi, wadda take tsaye da muciya a hannu, ta ce, "Ko kuwa mai zare ya yi kuskure." 

Aka buga wa Abdulrasheed waya. Wannan karo bai yi wasa ba. Ya ce tayar da ta sha ƙarfen mai faci ba ta komawa shago, masu faɗin kuma ba ya da su a ƙasa, sai an aiko daga Legas. Baƙi kuwa sun riga sun kamo hanya. Wada ya ce akwai dabara. Ya zuba ɗan fetur a cikin tayar, ya ce kowa ya ja da baya, ya ƙyasta ashana ya jefa. Aka ji wani tum, kaji suka watse, tayar ta buɗe ta kama bakin wili. Haka aka yi wa ɗayar. Motar ta tsaya da ƙafafunta huɗu, baƙaƙe wuluk, suna ƙyalli.

Wada ya ce ba mai ganewa. Amma Sammani ya gani. Robar ta miƙe, ta ja ciki, leɓen ƙarfe ya fito waje tsirara, kamar diddigen ƙato a cikin silifas ɗin yaro. Abin da bai taɓa bari mai saye ya bar rumfarsa da shi ba, shi ne yau a tsakar gidansa.

Ranar da baƙi suka iso, Rahmatu ta shige wurin mata da 'ya'yanta. Sammani ya sa aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar rumfa, kusa da motar, domin ya ga gara a yi ta ta ƙare. Hafizullahi ya yi sallama, ya tuɓe takalma, ya durƙusa nesa kaɗan. Inda ya durƙusa kuwa, idonsa yana daidai da tayar baya, tsakaninsu bai fi kamu biyu ba.

"Baba, mun same ku lahiya?"

"Lahiya lau. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Ya ƙarhin jiki?"

"Da godiya."

Sammani yana kallon katanga, amma ta wutsiyar ido ya ga kan surukinsa ya ɗan juya. Ya ga ya dubi tayar baya, ya daɗe. Ya ga ya dubi ta gaba, ya komo ga ta baya. Sammani ya yi niyyar fayyace komai: Turba, kututture, zare, Bayarabe. Ya buɗe baki, sai ya ji kansa yana tambaya ko an samu ruwa sosai a Abuja bana. Hafizullahi ya ce an samu. Ya yi godiya, ya yi addu'ar Allah ya ƙara girma, ya tashi da baya da baya ya fita.

Da za su koma, Habi ta dawo da makullin da Sammani ya aika wa surukinsa da shi.

"Wai a bar ta nan. Wai babu inda ta hi samun kulawa awa hannunka."

"Haka yac ce? Da wace irin murya?"

"Da muryar da Allah ya ba shi, Yaya."

"Bai ce komi ba bisa ƙahwahunta?"

"Ya ce an gode."

Sammani ya kwana biyu yana juya wannan godiya. Idan yaron bai gane ba, me ya sa ya daɗe yana kallo? Idan ya gane, me ya sa ya bar motar? Yarda ce ta sa ya bar ta, ko kuwa ya ga ba za ta kai Abuja a haka ba? Ya tambayi Malam Jibrilla ko ramuwa ta sauka daga kansa. Malam ya ce idan mai kaya ya gani ya yi shiru, wasu malamai sun ce yarda ce, wasu sun ce kunya ce, kuma kunya ba ta sauke hakki.

Ana nan, wata ranar kasuwa, sai wani direban motar Sakkwato ya tsaya a ƙofar gida, ya sauke tayoyi biyu sababbi, masu faɗi, a naɗe cikin leda. Sammani ya tambaye shi wa ya aiko. Direba ya ce shi dai a tasha aka ba shi, an biya kuɗin mota, an ce gidan Baba Sammani mai takalma. Ba saƙo, ba gaisuwa. Wada ya zo ya ɗaura su, suka hau ba fetur ba ashana, leɓen ƙarfe ya shige ciki ya ɓuya.

Sammani ya gane cewa surukinsa ya gani, ya kuma rufa masa asiri. Ya so ya aika da godiya, sai ya tuna cewa godiya tana nufin ya amsa laifin da ba a tuhume shi da shi ba. Ya so ya yi shiru, ya ga shiru butulci ne. Ya kira Habi ya ce ta gaya wa yarinyar nan ta gaya wa maigidanta cewa ana gaishe shi da kyau. Amsa ta dawo cewa yana amsawa da kyau.

Sai kuma tayoyi biyun da aka kwance, sirara, sababbi, waɗanda ba su taɓa taka kwalta ba. Wada ya nemi a sayar masa, Sammani ya hana. Da kuɗin sansa aka saye su, wannan gaskiya ne. Amma don motar wani aka saye su, kuma sun kwana a jikinta. Ya sa aka jingine su a kusurwar zaure, aka rufe da buhu. Idan baƙo ya tambaya na wane ne, Sammani yakan ce shi ma bai sani ba tukuna, kuma wanda ya sani ba ya tambayuwa.